Yadda Na Miƙar da Gamban Baba Ilu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa manta sunan 'ya'yana, da ranar da mutanen ƙauye guda suka taru a bayan gari don a tantance ko ni wawa ne ko kuwa a'a, ni kuma ina tsaye a tsakiya ina roƙon Allah ya sa a ce wawan ne.

Bari in faro daga tushe. Ni a birnin Katsina aka haife ni, can na tashi. Kafin in shiga makarantar koyon aikin gona, abin da na sani game da gona bai wuce cewa daga can masarar gasawa take zuwa ba. Amma na yi shekara biyu ina karatun kiwon dabbobi, na fito da takarda mai hatimi, aka ɗauke ni malamin gona aka turo ni Faskari. Da yake yayan mahaifina, Baba Alhaji Ilu, yana wani ƙauye kusa da Yankara, sai aka ce in sauka gidanshi. Na iso da jaka ɗaya, da takalmin roba mai kaiwa gwiwa (har yau ban ga manomi ko ɗaya da irinshi ba), da kai a kumbure.

Baba Ilu yana da dawaki ukku, kuma ba na ado ba ne, 'yan aiki ne. Da rani su ke juya injin matse rake a fadama, suna zagaye tun safe ana dafa mazarƙwaila. Da damina kuma sai su huta su yi ƙiba. Akwai Akawal, baƙi mai cizo, akwai Bidi, sai wata tsohuwar goɗiya da ba ta kula kowa. A da ana yanko masu ciyawa daga daji, amma tun da daji ya zama abin da ya zama, ba mai yin nisa da gari saboda ciyawa. Don haka abincinsu na damina ya koma kan wata saura ta Baba, wato gonar da ya bari ta huta, nan bayan gari.

Akwai kuma abin da ya fi dawakin nauyi a wurin Baba. Shi ne mai raba rigimar iyakar gona. Ba sarauta gare shi ba, ba kuma wani babban malami ba ne, amma in mutum biyu suka kama wuyan juna a kan kunyar gona ɗaya, daga nan har ƙauyukan Kankara, shi ake zuwa ɗauka a babur. Ya je ya duba, ya ce nan ne, magana ta mutu. Shekara arba'in yana wannan, ba a taɓa cewa ya karkata ba, ba a kuma taɓa sa shi rantsuwa ba. Yakan ce shi bai tara komai ba a duniya sai wannan.

To, ni dai ido na sa wa yadda yake kiwon dawakin, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Kullum da safe zai ja su zuwa saurar, ya kafa wa kowanne turke, ya ɗaure da doguwar igiya. Bayan kwana biyu ya tuge turken ya kai wani wuri. Yau gabas, jibi kudu, babu awo, babu takarda, babu tsari. Wata rana bayan la'asar na kasa haƙuri, na zaunar da shi na buɗe mashi littafi.

Na ce akwai abin da ake kira kiwon karɓa-karɓa. Na ce doki ba kamar saniya ba ne, yana da haƙora sama da ƙasa, gwaguye ciyawa yake yi har ƙasa, kuma in ya sami wurin da ya yi mashi daɗi ba ya barinshi sai ya mai da shi kamar kan mai sanƙo. Ba ya cin inda ya yi kashi, ga kuma tsutsar ciki da ke yaɗuwa in an daɗe wuri ɗaya. Saboda haka sai a raba fili gida huɗu. Su yi sati a gida ɗaya, da ciyawa ta sauko zuwa tsawon yatsu huɗu a ɗauke su, a kwashe kashin, a bar wurin ya huta.

Baba ya saurare ni har ƙarshe yana tauna goro. Sannan ya ce, "To wurin da suka ci yau, yaushe za su komo mashi?"

Na ce, "Bayan sati ukku, Baba."

"Juma'a ukku ke nan."

"Ƙwarai."

"Ikon Allah. Kuma shekara biyu aka yi ana koya maku wannan?"

Wallahi ni yabo na ɗauka. (Sai can daga baya na lura shi ma ba ya mai da turke wurin da ya tuge shi sai Juma'a ukku ta wuce. A kanshi lissafin yake, shi ke nan.)

Ana nan sai aka aiko wani tsohon amininshi ya rasu a Sabuwa. Baba ya shirya tafiya ta kwana huɗu. A ƙofar gida ya ce mani, "Ga dawaki nan. Ka ba su ruwa, ka matsa masu turke." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, Allah shaida. Amma abin da kunnena ya ji shi ne, ga fili ga mai doki.

Ko ƙurar motarsu ba ta kwanta ba na ɗauki igiyar awo da turaku na nufi saurar. Ina cikin awo sai na ci karo da wani abu da ya daɗe yana ba ni haushi. Can gefen yamma akwai wani layin gamba, tushe-tushe, a karkace kamar tafiyar maciji. Baba bai taɓa ƙetare shi da turke ba. Kuma bayan layin nan, jama'a, ciyawar harkiya ce kore shar har gwiwa, ba abin da ya taɓa ta. Na tsaya na girgiza kai. Ga abinci yana lalacewa, tsoho ya hana dawaki saboda sabo kawai, ko kuma wani camfi.

Na san in kai ɗan ƙauye ne ka riga ka dafe kai. To ka yi haƙuri, ni a lokacin a zatona iyakar gona da siminti ake yin ta, irin ɗan dutsen nan mai lamba da ake kafawa a filayen birni. Ban san da gamba ake shata ta ba. Ina kwana ina tashi gidan mai raba iyaka, ban taɓa tambayar da me ake yin iyakar ba. Harkiyar da nake wa kwaɗayi kuwa gonar maƙwabcin Baba ce, Malam Tukur, ya bar ta sai ruwa ya yi nisa ya shuka wake.

Abin da na sani game da gamba ɗaya ne, kuma a littafi na karanta: ciyawa ce mai kyau ga dabbobi, in ka tono tushenta ka rarraba ka dasa, kowane ɓangare zai kama. Nan take dabara ta zo mani. In tone layin nan mai karkata, in rarraba shi, in dasa sabon layi miƙaƙƙe a bakin filina mai kusurwa huɗu, ragowar in jera a ciki. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Kwana biyu na yi da diga, ni kaɗai, don ina so Baba ya dawo ya ga abin mamaki. Duk wanda ya taɓa tonon tsohon tushen gamba ya san ba wasa ba ne, balle wanda aka dasa tun zamanin kakanmu. Hannuna ya yi bororo ya fashe. Ban bar tushe ko ɗaya ba, har ramukan na cike na baje, saboda ni mutum ne mai son aiki tsaf.

A rana ta biyu wata tsohuwa, Inna Kande, ta biyo da ƙwaryar tafasa a ka. Ta tsaya ta daɗe tana kallona.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

"Yawwa Inna, sannu."

"Halan Alhaji ya san da wannan aiki kau?"

Na dogara da diga, na share gumi, na ce, "Inna, ai shi ya ba ni wuƙa da nama."

Ta ce, "To." Ta wuce da sauri fiye da yadda ta zo. Ni kuma na ce a raina, ka ga har tsofaffi sun fara sha'awar ci gaba.

Ranar Laraba aiki ya kammala. Sabon layin gamba ya miƙe sambal, taku goma sha wani abu cikin gonar Malam Tukur. Na kewaye gida huɗu da igiya, na kai dawakin gida na ɗaya, wanda duk cikin harkiyar yake. Suka dulmiya baki. Ban taɓa ganin goɗiyar nan cikin farin ciki irin na ranar ba. Daɗi ya kwashe ni, na kira ogana a waya na ce gobe ya zo ya ga abin da ba a taɓa yi ba a ƙaramar hukumar nan. Na kuma gaya wa mutum biyu-ukku a masallaci su sanar da manoma.

Ranar Alhamis da hantsi na je ofis na ɗauko oga a bayan babur, da babban kwali da na zana taswirar filin da jan alƙalami da shuɗi. Muna karyo kwanar bayan gari na hango mutane. Ba goma ba, ba ashirin ba, gari ne ya fito. Har mai unguwa an kawo mashi kujera ƙarƙashin kalgo. Ga Baba can tsaye da jakar tafiyarshi a hannu, ashe daga tasha aka wuto da shi. Na waiwaya na ce wa oga, "Yallaɓai, ka ga irin karɓuwar da nake gaya maka."

Na lura ba mai dariya. Na lura akwai buta a gaban Baba. Na ɗauka zafi ne ya sa aka kawo mashi ruwa. Ashe Malam Tukur ne ya kai ƙara cewa Alhaji Ilu ya ci mashi iyaka, ya sa an yi aikin yana Sabuwa don ya ce ba ya nan, Inna Kande kuma ta ba da shaidar wuƙa da nama. Baba ya ce bai san komai ba, aka ce sai ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Daidai nan na iso.

Na kafe babur, na yi sallama da ƙarfi, na ratsa tsakiya, na ba wani bawan Allah gefen kwalin ya riƙe mani. Na gode wa mai unguwa da ya amsa gayyata. Sannan na fara. Na yi bayanin haƙoran doki. Na yi bayanin yatsu huɗu. Wuri ya yi tsit, na ce a raina yau ilimi ya sami masu sauraro. Sai na nuna jan layi mai karkata a kwalin.

"Wannan shi ne tsohon gamban da ke nan, wanda ba shi da wani amfani. Ni da hannuna na tone shi, tushe sittin da wani abu. Wannan shuɗin kuma shi ne inda na mai da shi. Kun ga yanzu filin Baba ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba tare da an kashe ko sisi ba."

Na tsaya don a yi tafi.

Wani daga baya ya ce, "Innalillahi." Wanda ke riƙe da kwalin ya sake shi a hankali, ya goge hannunshi a riga. Na dubi Baba. Mutumin da ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai gaban kowa ba, ga shi yana kallon ƙasa. Nan na gane akwai laifi, ko da yake ban san ko wane iri ne ba.

Mai unguwa ya ce, "Yaro, gamban da ka tone, ka san ko mi ne ne?"

Na faɗi sunanshi na Turanci, har da na kimiyya.

Ya ce, "Iyaka ce. Kakanka da uban Malam Tukur suka dasa ta."

Ka san yadda mutum ke ji in ya taka matakalar da babu ita? To haka, amma ba a daina faɗawa ba. Na ce wallahi ban sani ba. Na ce Baba bai sa ni ba, ruwa kawai ya ce in ba su, maganar wuƙa da nama cika baki ne irin nawa.

Malam Tukur ya yi tsalle ya dire. "Ranka ya daɗe, kar a mai da mu yara. Wannan takardar gona gare shi. Gwamnati ta ɗauko shi ya koya mamu noma. A ce bai san gamba iyaka ba ne? Ɗan goye ya sani. Turo shi aka yi, an ce in asiri ya tonu ya ce bai sani ba."

Kuma maganar Allah, maganarshi ta kama hankali. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Mai unguwa ya ce, "To magana ta koma ɗaya. In yaron nan yana da hankalin sanin iyaka, Alhaji ne ya turo shi. In kuwa da gaske rashin saninshi ya kai nan, Alhaji ba shi da laifi. Akwai wanda ya san halinshi?"

Ka ji inda takardata mai hatimi ta kai ni. Sunan Baba na shekara arba'in ya rataya a kan a gamsar da gari cewa ni dolo ne na gaske.

Allah ya saka wa mutanen ƙauyen nan da alheri, ba su ba ni kunya ba. Wani ya ɗaga hannu ya ce ranar nan na tsaya a gonarshi na yaba mashi masara, alhali dawa ce. Mai unguwa ya dube ni. Na ce, "Haka aka yi, ranka ya daɗe." Wani ya ce na tambaye shi a ina ake sayar da mudun irin rake. Na ce haka aka yi. Aka fara ƙunshe dariya. Sai wani dogo, wanda na rantse ban taɓa ganinshi ba, ya ce da idonshi ya ga na yi wa mutum-mutumin korar tsuntsu sallama har sau biyu, na tsaya jiran amsa. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Na buɗe baki zan musa, idona ya faɗa kan butar da ke gaban Baba. Na haɗiye. Na ce, "Sau ukku ne ma."

Aka juya ga oga, tun da shi baƙo ne, ɗan Kankara, ba ya da ɓangare. Na yi zaton ko don mutuncin ofis zai ɗan rufa mani. Ya gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, wata ukku yana ƙarƙashina. In dai wannan ne, a miƙo mani butar ni in rantse."

Nan wuri ya fashe. Malam Tukur ya yi ta cijewa, ya dubi kwalin a ƙasa, ya dubi takalmina na roba, dariya ta ƙwace mashi har yana tari. Da ya lafa sai ya je ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Alhaji, ka yafe mani. Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Allah ya ba ka haƙurin abin da ya haɗa ka da shi." Aka ɗauke butar ba a taɓa ruwanta ba.

Saura mai da iyaka, ga shi na baje ramuka. Dole aka bi da sanda ana caka ƙasa, inda ta yi laushi a ce nan ne. Duk inda aka yi shakka, Baba ya ce a bar wa Malam Tukur. Haka ya rasa kusan taku biyu na gonar da ubanshi ya bar mashi. Wannan ya fi dariyar yi mani ciwo, har yau kuma yana yi. Ni aka sa na tuge sabon layin na mai da shi, tsofaffin biyu suna zaune a inuwa suna ba da umarni: "Karkato. Ƙara karkatowa." Dawakin kuwa sai da aka ja su da ƙarfi daga harkiyar, Akawal ya cije ni a kafaɗa, ban ga laifinshi ba.

A hanyar gida Baba yana gaba ina baya. Na shirya wa faɗa, har na fi son ya mare ni. Sai da muka kai ƙofar gida ya tsaya, bai waiwayo ba, ya ce, "Yau na gode wa Allah da bai ba ka wayo ba. Da kana da shi ko kaɗan, da na dafa littafin nan."

Daga ranar na koyi cewa in ka ga abu a karkace a gonar tsoho, ka nemi wanda ya karkatar da shi ka tambaya kafin ka ɗauko diga. Na kuma koyi cewa wauta ma arziki ce, in dai ta kai wadda za a iya kafa mata shaidu.

Amma hankalina bai kwanta ba. Sati ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, ba wanda ya zo ɗaukar Baba rabon iyaka. Shi kuwa duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai ya ɗaga kai. A sati na ukku, muna zaune a zaure da hantsi, wani mutum ya tsaya da babur ya yi sallama, ya ce daga wajen Pauwa yake, 'yan'uwa biyu ne suka rikice a kan gonar gado, kowa ya ce bai yarda da kowa ba sai Alhaji Ilu. Baba ya tashi yana neman hularshi. Don murna ni ma na miƙe ina laluben takalmi, na ce bari in raka shi.

Mutumin ya dube ni sama da ƙasa, ya matsa kusa da Baba, ya rage murya.

"Alhaji, sun ce don Allah kai kaɗai."